Abin da walda ke bari a cikin ƙarfe

Mutane da yawa in sun ga an gama walda ta yi kyau, shikenan a wajensu aiki ya ƙare. To amma ƙarfen nan bai huta ba fa. Wurin da wuta ta taɓa yana narkewa ne a zafin da ya kai wajen digiri 1500, gefensa kuwa da sanyinsa, da ya fara hucewa sai ya nemi tsukewa, sauran ƙarfen ya riƙe shi gam ya hana. Wannan ja-in-ja ɗin ba ya zuwa ko'ina, yana nan a ciki tun kafin a ɗora wa ginshiƙin ko bulo ɗaya, kuma daf da layin waldar wannan jan yakan kusa kai iyakar abin da ƙarfen zai iya ɗauka.

Shi ya sa za ka ga ƙofa ko bim, wato dogon ƙarfen da ke ɗaukar nauyin gini, ya karkace bayan walda, wani kuma ya tsage daga baya. A 1943 a Amurka wani sabon jirgin ruwa na walda, Schenectady, ya dare gida biyu yana tsaye a tasha cikin sanyi.

Ƙarfe mai ƙarfi sosai irin S690 ya fi son lallashi, a ɗan gasa shi kafin a fara, sandar walda ta zama busasshiya, a ɗiɗɗiga walda kaɗan-kaɗan don ta riƙe ƙarfen tukuna sannan a riƙa yi ɓangare-ɓangare ana sauya gefe. Abin da ke ban haushi shi ne masu kwara wa walda ruwa wai don ta huce da wuri, haba malam, ƙyale ta ta huce da kanta mana.