Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Lambun Malam

Makon jiya na tsaya a inda gwamnatin Ghana ta rufe jami'o'i a 1983, na tattara komatsaina daga jami'ar Legon na koma ɗakin kakata a unguwar Nima da ke Accra. Shekarar nan ba ta da daɗin tunawa. Ga fari, ga gobarar daji ta lashe gonakin koko, ga 'yan ƙasa wajen miliyan da aka koro daga Najeriya. Ƙashin wuya ya fito wa kowa, har ana ce masa sarƙar Rawlings, wato shugaban ƙasa na lokacin. Dokunu, tuwon ƙullun masara, shi ma ɗanye ake bin layi a saya.

Cikin wannan hali Malam ya aiko a kira ni. Shi ne mai koya mana nazarin al'adun ɗan Adam. Ba Bahaushe ba ne, amma ya zauna a Salaga, tsohon garin cinikin goro a arewacin ƙasar, wajen bincike, Hausarsa irin ta tsofaffi ce, ba irin tamu ta Zango ba.

Na tarar da shi a bayan gida ya naɗe ƙafar wando, yana ban ruwa da gwangwanin madara da ya huda da ƙusa. Ruwan wanke-wanke ne, ko ɗigo ba ya bari ya zube a banza. Rogo, kuɓewa, gauta, ayoyo, da zogale a jikin shinge. Tun 1972 ya fara, lokacin da shugaban ƙasa Acheampong ya ce kowa ya ciyar da kansa. Abokan aikinsa sun yi na ɗoki sun watsar, har suna masa dariya. A 1983 kuwa su ne ke aiko yara da kwando.

Ya miƙo mini fartanya, ya ce, "Ɗana, me ya kawo kakanninka ƙasar nan?"

Na gyara murya na fara zuba masa abin da na haddace a littattafan Turawa. (Lokacin ina ji da kaina, Allah ya yafe.) Bai ko ɗago kai ba.

"Kakarka tana da rai?"

"Tana nan, Malam."

"To me kake nema a wurina?"

Ya ɗaure mini ayoyo dami guda, ya haɗa da sabon littafin rubutu.

Daren nan Kaka ta kaɗa miya, muka ci da ɗan tuwon da ya samu, sannan na tambaye ta. Ashe jira take. Mahaifinta da ayarin fatake ya zo daga Kano, jakuna ɗauke da kanwa, su koma da goro. Da yaƙi ya watse Salaga a 1892 ya bi jama'a zuwa Karaci (Kete-Krachi), garin da sanannen malamin nan Alhaji Umaru ya koyar, can aka haife ta. Na cika shafi goma sha ɗaya kafin kananzir ya ƙare.

Malam ya daɗe da rasuwa, Allah ya saka masa. Littafin yana nan cikin akwatina, da tabon miya a bangonsa. Akwai sunan wata mata da Kaka ta ambata a daren, sai ta yi shiru ta ce in je in kwanta. A kanta za mu tashi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.