Kada ka sa hannu kafin likita ya gama magana

Yawancin maganar diyyar hatsarin mota a wajenmu a bakin gadon asibiti take mutuwa. Mai motar zai zo da shugaban tasha da wani dattijo, a ajiye ledar lemo da ayaba, a cusa dubu hamsin ƙarƙashin matashi, a ce ƙaddara ce. Majinyaci yana cikin zafin ciwo da kunyar manya, sai ya ce ya yafe. Bayan wata huɗu likita ya ce ƙashin cinyar bai haɗe ba, sai an sa ƙarfe. A lokacin mai motar ya daina ɗaga waya.

Yafiya halal ce, kuma da lada. Amma a bari mutum ya san abin da yake yafewa tukuna.

Aikin neman diyya tun ranar hatsarin yake farawa, kuma ɗan'uwan da ke tsaye shi zai yi shi, tunda mai ciwo ba ya iyawa. A ɗauki hoton lambar motar da yadda ta tsaya kafin a janye ta, a karɓi lambar wayar shaidu biyu ko uku. Mai shayin bakin titi ya fi fasinja amfani a nan, don gobe ma kana iya samunsa a wurin. A kira jami'an kiyaye haɗura ta 122, a kuma kai rahoto sashen kula da zirga-zirgar motoci na ofishin 'yan sanda mafi kusa, su zana taswirar wurin, jami'an duba lafiyar motoci, wato VIO, su duba birki da tayoyi. Kamfanin inshora da wuya ya saurare ka babu wannan rahoton. Asibiti kuwa ba shi da hurumin ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana hakan.

Sai rasit. Kowane ɗaya: na kati, na hoton ƙashi, na jini, na magani, har kuɗin motar zuwa wankin ciwo a rubuta a littafi da kwanan wata. Kotu ta raba diyya gida biyu. Akwai kuɗin da ka kashe da wanda ka rasa saboda zaman jinya, wannan sai ka tabbatar da shi naira bayan naira. Akwai kuma diyyar azabar ciwo da naƙasa, wadda alƙali ke ƙiyastawa bisa rahoton likita. Nan ne masu gudu daga asibiti zuwa wajen mai ɗori suke cutar kansu. Mai ɗori ba ya ba da rasit, ba ya rubuta rahoto, kuma idan ƙafar ta karkace lauyan ɗaya ɓangaren zai ce ɗorin ne ya ɓata ta, ba motar ba. Mai sana'ar hannu, kamar tela ko ɗan achaba, ya nemi abin da zai nuna samunsa na kullum: littafin ciniki, bayanan asusun banki, ko shaidar 'yan ƙungiya.

Mutane da yawa ba su san cewa takardar inshorar nan da ake nuna wa 'yan sanda a shinge domin irin wannan ranar aka yi ta ba. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 ga motar gida, inshorar kuma tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Wannan iyakar ta dukiya ce, ba ta raunin jiki ko rasa rai ba. Matsalar ita ce jabun takardu sun yi yawa, don haka a danna *565*11# a sa lambar motar a ga ko inshorar ta gaske ce. Idan jabu ce, haƙƙinka bai faɗi ba, yana kan direban, da kuma mai motar ko kamfanin da direban ke yi wa aiki a lokacin.

Kada a yi sanya. Kowace jiha tana da wa'adin shigar da ƙara, kuma idan motar hukumar gwamnati ce, dokar kare jami'an gwamnati na iya rufe ƙofa cikin wata uku kacal. Wanda ya ji ciwo a bakin aikin albashi hanyarsa daban: dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce ya sanar da wanda yake yi wa aiki cikin kwana 14, asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, NSITF, ne ke biya.

Idan an zo sulhu, tayin farko kusan kullum ƙasa yake, kuma ɓangaren mai motar za su nemi laifinka don su rage: ba ka sa hular kwano ba, ka tsallaka titi a ƙarƙashin gadar masu tafiya da ƙafa. Wannan yana rage kuɗin, ba ya soke shi. Masu son a bi ma'aunin shari'ar Musulunci suna da mizani a bayyane: cikakkiyar diyya raƙumi 100 ko dinari 1,000, yatsa ɗaya raƙumi 10, haƙori raƙumi 5. Ko ba a je gaban alƙali ba, kawo wannan lissafin a zauren mai unguwa yana hana a raina rauni.

Kuɗin jinya da aka ba ka tun farko ka karɓa, amma a rubuta cewa na jinya ne, somin-taɓi. Takardar da kamfanin inshora zai miƙo a ƙarshe tana cewa an biya ka duka, ba ka da sauran magana. Da ka sa hannu, ko da ciwon ya dawo, an gama. Saboda haka ka jira likita ya rubuta ko akwai sauran tiyata, kamar ta cire ƙarfe bayan shekara ɗaya ko biyu, a sa kuɗinta a lissafi. Idan biya kashi-kashi ne, a rubuta ranar kowane kashi, da shaidu, kuma kuɗin ya shigo ta banki. In da lauya, ku yanke kasonsa a rubuce tun kafin ya aika wasiƙar farko.