Abin da na koya wajen kammala gyaran tsohuwar na'urar finbol

Lokacin da nake karatu a Shikago na samu aikin wucin gadi a wani ƙaramin shago da ake farfaɗo da tsofaffin na'urorin wasan finbol, wato teburin nan mai murfin gilashi da ake harba ƙwallon ƙarfe a cikinsa, mai wasa yana tare ta da 'yan hannuwa biyu da ake kira filifa domin kada ta faɗa rami. Birnin shi ne cibiyar wannan sana'a, domin a nan kamfanonin Gottlieb da Bally da Williams suka yi zamaninsu, kuma Gottlieb ne ya fara sa filifa a 1947. Na'urar farko da maigidana ya damƙa mini ƙarashen aikinta ita ce El Dorado, ƙirar Gottlieb ta 1975, wadda babu kwamfuta a cikinta ko kaɗan, sai wayoyi da koyil-koyil, wato naɗaɗɗun wayoyi da ke zama maganaɗisu su ja sandar ƙarfe idan wuta ta shiga, da makunnai masu siraran harsuna na ƙarfe, da wani ƙaramin moto da ke juya lissafin maki.

Ranar da na karɓe ta an riga an gama abin da na ɗauka shi ne babban aiki, domin tana kamawa, tana fito da ƙwallo, tana ƙirga maki. Na ce wa maigidana kwana uku sun ishe ni. Bai musa ba, ya dai miƙo mini ɗan magagari da ƙyalle, kuma sai da na yi mako biyar a kanta.

Kuskurena na farko a kan allon wasan na yi shi. Shekaru da dama ƙwallo tana birgima a kan katakon tana tura datti cikin 'yan tsagogin fenti, har wurin ya yi duhu. Na samo soson melamin na jiƙa da sifirit na shiga gogewa, kuma da na ga launi yana fitowa fes sai daɗi ya ɗebe ni na ƙara ƙarfi. Abin da ban lura da shi ba shi ne, wannan soso tamkar sanfefa yake, yana cin fentin tare da dattin. Ban farga ba sai da na ga rawaya a jikin soson, sannan na ga farin katako ya leƙo, faɗin farcen babban yatsa, kusa da filifar hagu. Maigidana ya sunkuya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wannan fentin ya yi shekara arba'in yana jure ƙarfe, kai kuma ka ci shi da soso." Ya haɗa launi ya cike gurbin, amma wanda ya san wurin zai gan shi. Tun daga ranar, idan na ga dattin da ya ƙi fita da sauƙi, barinsa nake yi in shafa kakin karnuba, wani kaki mai kare fenti, a kai, domin na fahimci cewa mai sayen na'urar 1975 ya fi son asalin fentinta da tabonsa a kan sabon da aka yi jiya.

Haka abin yake ga fitilu. Da yawa sukan cika tsohuwar na'ura da fitilun LED masu kashe ido, ni kuwa ban ga kyan hakan ba a irin wannan zane. Mun cire ƙwayaye masu lamba 44 mun sa masu lamba 47, waɗanda ba su kai su jan wuta ba, saboda zafi ne ke lanƙwasa robobin ado, shi ne kuma ke sa fentin bayan gilashin da ke tsaye yana nuna maki ya riƙa ɓarewa.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen makunnai. Kowace filifa tana da makunnin da ke buɗewa idan ta kai ƙarshen bugunta, ya rage wutar da ke shiga koyil, domin mai wasa ya iya riƙe ta a sama ba tare da koyil ɗin ya ƙone ba. Idan ya buɗe da wuri bugun ya yi rauni, ƙwallo ba za ta kai ga 'yan alluna goma da ke can sama ba, cikin goma sha biyar da ake so ta buga ta kayar; idan kuwa bai buɗe ba, cikin ɗan lokaci za a ji ƙaurin waya. Tazarar da ake nema ba ta wuce milimita uku ba, kuma da hannu ake lanƙwasa harshen a hankali, a gwada, a sake. A nan ne kuma na bar wata ɗabi'a da na taso da ita, ta ɗiga mai a duk ƙarfen da ke motsi, domin sandar koyil a bushe take aiki, kuma mai yana tara ƙura ya zama danƙo ya riƙe ta.

Da na sa sababbin robobi da sabuwar ƙwallo, saboda mai tsatsa tana kankare allo, na ɗauka na gama. Sai maigidana ya ce in daina kallonta in buga ta. A wasa na huɗu na lura ƙwallo tana yawan karkata hagu, alhali ma'aunin magina ya nuna mini daidai. Ashe a kan gilashi na ɗora ma'aunin, ba a kan allon ba. Na cire gilashin, na juya notin ƙafar baya sau biyu, na daidaita ɗan ƙarfen da ke reto cikin zobe domin kama mai girgiza tebur, sannan na ci gaba da bugawa har yamma, da takarda a gefe ina rubuta duk abin da ya saɓa. A wasa na talatin da ɗaya ne dabaran da ke nuna ɗaruruwan maki ya maƙale tsakanin 8 da 9, na sake buɗe bayan akwatin.