Yadda na zaɓi ƙarfen sarƙa na injin yankan itace a Sabon Gari

Sana'ata yankan itace da inji. Stihl MS 381 nake riƙe da shi, kuma yawancin aikina a cikin garin Zariya ne da kewaye: dogon yaron da iskar farkon damina ta kwantar a Samaru, reshen mangwaron da ya hau kan kwanon wani gida a Tudun Wada, turaren da mai gona ya samo izinin malaman daji zai sare a wajen Shika ko Giwa. Bayan fetur, abin da ya fi cin kuɗin mai wannan aiki shi ne sarƙa, sai kuma dogon ƙarfen nan da take zagayawa a kansa. Kowa ya san lokacin sauya sarƙa. Ƙarfen ne mutane ke bari sai ya kashe musu sarƙa biyu ko uku kafin su waiwaye shi.

Nawa ya fara nuna alama ne da karkatar yanka. In na sa shi a gungume, maimakon ya sauka sak sai ya riƙa jan hannuna hagu, tsakiyar yanka kuma ya cije. Abin da ake fara zargi a irin wannan shi ne wasa haƙora, don in ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsawo haka inji zai yi. Na ɗaura sabuwar sarƙa, bai daina ba. Sai na ɗauko rula na jingina ta a gefen ƙarfen, ta taɓa haƙori ɗaya na waje. In ƙarfe na da lafiya, haƙorin zai tokare rular, a ga ɗan haske tsakaninta da jikin ƙarfen. Nawa kuwa sarƙar ce ta kwanta gefe, rula ta manne. Kwarmin da ƙafafun sarƙa ke bi ya buɗe, leɓe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, zurfinsa ma ya kasa milimita 6 da ake so ga irin sarƙata, har ƙafafun sun fara goge ƙasan kwarmin.

Da zan tafi kasuwar Sabon Gari na kwance tsohon ƙarfen na sa a buhu tare da sarƙar. Wannan kaɗai ya rage mini rabin wahala, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka, don a baki ba a gama bayanin ƙarfe. A gindinsa, wajen da noti ke kamawa, akwai lambobi da aka buga. Nawa an rubuta 3/8, da 1.6, da 72. Ta farko tazarar sarƙa ce: a auna daga kusa ta farko zuwa ta uku a raba biyu. Ta biyu faɗin kwarmi ne a milimita, wanda dole ya yi daidai da kaurin ƙafar sarƙa. Ta uku yawan ƙafafun ne, a kan ƙarfe mai inci 20. Waɗannan lambobi ba su ɗaukar "kusan ɗaya ne". Babban injin nan Stihl 070 da masu tsaga katako ke ɗauka a kafaɗa tazarar sarƙarsa .404 ce, kuma a ƙarfe mai inci 36 ƙafafu 104 yake ci. Ƙananan injinan Cana da ake kira 5200 da 5800 galibi .325 ne da kwarmi 1.5, ƙafafu 76 a inci 20. Injinan kamfanin Husqvarna da yawa suna zuwa da 3/8 kamar nawa, amma kwarminsu 1.5 ne. Bambancin 1.5 da 1.6 ido ba ya ganinsa. Inji yana ji: sarƙa siririya a kwarmi mai faɗi rawa za ta yi tun ranar farko, mai kauri kuma a kwarmi matsattse ba za ta shiga ba.

Ga kuma gindin kansa, wanda ba kowa ke dubawa ba. Tsagar da kusoshin inji ke shiga, ramin da ƙugiyar ɗaure sarƙa ke kamawa, da ɗan ramin mai, duk suna da wurinsu a kowane inji. Stihl ma nasa ba iri ɗaya ba ne: gindin MS 381 lambarsa 3003, na 070 kuma 3002, mai tsaga mafi faɗi. Na ga masu sayen wanda bai dace ba su kai wa mai walda ya faɗaɗa tsagar. Ƙarfen zai zauna, amma ramin mai ya kauce daga bakin famfo, sarƙa ta yi ta gudu a bushe.

A shagon farko yaron shago ya sauko mini da wani zungurere.

"Oga, ga babba nan. In ka sa wannan ko rimi ka samu sai ka kayar."

Na ce, "Ɗan'uwa, injina ne zai fara faɗuwa kafin rimin."

Da gaske nake. Mutanenmu suna son dogon ƙarfe, suna ganin shi ne cikar ma'aikaci. Amma ƙarfin injina bai wuce cc 72 ba, 070 kuwa ya haura 100. Kowane inci da aka ƙara, ƙarin haƙora ne da inji zai ja a cikin itace, ƙarin wuri ne da famfon mai zai jiƙa, ƙarin nauyi ne a ƙugu da kafaɗa, ga ƙarin haƙoran da za a zauna wasawa da yamma. Dogon ƙarfe ya fi tsada, sarƙarsa ma haka. Kuma mai inci 20 yana yanka gungumen da ya kusa ninka tsawonsa in aka bi ta ɓangare biyu. Itatuwan da nake samu a gidajen Zariya da wuya su wuce haka. Ranar da aka kira ni wa katon maɗaci ko tsohuwar tsamiya, gara in nemo mai 070 mu raba kuɗin aiki da in shekara ina jan ƙarfen da ya fi ƙarfin injina.

Iri uku na tarar. Akwai mai falle uku da aka haɗa da ɗigon walda, hancinsa da ɗan sufuroket mai juyawa. Shi ne mara nauyi, shi ne mai sauƙin kuɗi. Akwai na ƙarfe guda wanda ake iya cire hancinsa a sauya in ya mutu. Sai mai busasshen hanci, wanda babu abin da ke juyawa a bakinsa, an dai liƙa masa ƙarfe mai tsananin tauri a wurin. Stihl suna kiran nasu Duromatic, masu sufuroket kuma Rollomatic. A wurinmu wannan zaɓi yana da nauyi saboda ƙasa. Hunturu yana cusa ƙura a ɓawon itace, gara kuma tana gina laka har cikin kututture. Yashi in ya shiga boris ɗin hanci yana cinye shi. Busasshen hanci ba ruwansa da wannan, shi ya sa masu tsaga katako a daji ke sonsa, sai dai yana ɗan rage gudun sarƙa, yana zafi, kuma sai an ɗan sassauta masa ɗauri. Na ƙarfe guda ya burge ni, amma da na tambayi mai shago ko yana da hancin sauyawa ya ce sai an aiko daga Kano ko Legas. Amfanin da zan biya kuɗinsa ke nan, kuma ba ya kusa.

Maganar jabu ita ta fi ɗaukar mini lokaci. An nuna mini ƙarafa biyu masu suna ɗaya a jiki, kuɗin ɗaya bai kai rabin na ɗayan ba. Fenti ba shaida ba ne, kowa na iya bugawa. Na roƙi mai shagon, wani dattijo mai haƙuri, ya bar ni in gwada.

"Bismillah, Malam, duba da kyau. Kuɗinka ne."

Na ɗaga kowanne na saita ido ɗaya daga gindi zuwa hanci, in ga ko ya miƙe. Na zura sarƙata a kwarmi na ja ta da yatsa tun daga farko har ƙarshe. A mai arhar ta wuce salin-alin a wani wuri, ta cije a wani, alamar faɗin kwarmin bai daidaita ba. Na juya sufuroket ɗin hanci, na ji yana ƙaras-ƙaras kamar da tsakuwa a ciki, yana kuma motsi gefe da gefe. Sannan na fito da magagari daga aljihu na ɗan goga a leɓen ƙarfen can wajen gindi. A mai tsadar magagari zamewa ya yi, da ƙyar ya bar alama. A ɗayan kuwa nan take ya kama, garin ƙarfe ya zubo a kan tebur. Leɓen ƙarfen kirki ana gasa shi ne ya yi tauri, don a kansa sarƙa ke gudu yini guda. Wanda magagari ya ci da sauƙi haka, sarƙa ma za ta ci shi. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ai ka san arha ba ta ado." Bai yi musu ba, bai kuma ɓoye cewa na kwaikwayo ne ba.

Aljihuna bai kai na asalin ba a lokacin, kuma ban ga laifin faɗa ba. Abin da na ɗauka wani ne dabam, ba cikin biyun nan ba: mai falle uku, inci 20, na wani kamfani da ya buga sunan kansa, lambobinsa a tone cikin ƙarfe, ba a fenti ba. Kuɗinsa ya faɗo tsakanin biyun. Ya ci gwajin magagari, kwarminsa ya daidaita, da na ɗora tsohon a kansa ramuka suka hau juna. Na fi amincewa da kamfanin da ya sa sunansa a kan kayansa fiye da wanda ya ari na wani, ko ba komai ya yarda a san shi da abin da ya ƙera. Mai hali ya sayi na asali a wajen dila, ko na kamfanin Oregon in ya tabbatar da shi, ba zai yi nadama ba. Na hannu ma ana dacewa, in an yi masa gwajin rula kuma ba a ga shuɗin ƙuna a leɓensa ba.

Na haɗa da sabon sufuroket na cikin inji, don masu ƙera shi sun ce a sauya bayan sarƙa biyu, kuma cinyayyen sufuroket yana ɓata ƙafafun sarƙa, su kuma su ɓata kwarmi.

Wanda ya koya mini aiki, Allah ya ƙara masa lafiya, ya sha faɗa mana cewa mai ne ran ƙarfe. Mafi yawanmu baƙin man da aka juye daga mota muke zubawa saboda kusan kyauta ne. Wannan mai cike yake da garin ƙarfe da datti, ba shi da danƙon da zai riƙe sarƙa har ta zagayo, yana toshe famfo, ga shi yana fantsama a jiki da gonar mutane. In ban samu man sarƙa ba, sabon man inji mai sauƙin kuɗi nake sa wa. Kafin in fara aiki nakan saita hancin a kan sabon yanka in ba shi wuta kaɗan. In ban ga layin mai ya fito ba, ba na sa shi a itace. Duk lokacin da na zauna wasa sarƙa sosai nakan kwance ƙarfen in juya shi, na sama ya koma ƙasa, don cikin ne ke shan aiki. In sharce kwarmi da guntun zarto, in zura waya a ramin mai, in share kaifin da ke tasowa a gefen leɓe da shimfiɗaɗɗen magagari kafin ya fara ɓantarewa. Wajen ɗaure noti ina ɗaga hancin sama. In an tashi aiki kuma ina sassauta sarƙa, don tana tsukewa in ta huce.

Sabon ya ga damina ya ga rani, har yanzu rula ba ta manne masa ba. Tsohon ma ban yar ba. Na daidaita leɓɓansa, na ware masa tsohuwar sarƙa, shi nake ɗaurawa in aikin kututture ne ko itacen da gara ta cika da laka. Yanzu manoman wajen Giwa sun fara kirana cire kututturan ƙirya da marke a gonaki, in aikin ya ɗore, mai busasshen hanci zan nema, shi ma inci 20.