Tashar Dutsen Wai da Jirgin da Aka Yi Domin Kuza

Duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Jos ta Soba da Pambeguwa ya ratsa Dutsen Wai, amma kaɗan ne daga cikin matafiyan yau suka san cewa jirgin ƙasa ya taɓa tsayawa a garin. Ni kaina, da yake a Kaduna aka haife ni, ban taɓa jin labarin ba sai wata shekara da muka je hutu, kakata ta wajen uwa, Allah Ya jiƙanta, ta ja ni zuwa bayan gari ta nuna mini wani tudu da ya miƙe ɗoɗar a tsakiyar gonakin masara. Ta ce, "Maigidana, kai da kake taƙama da jirgin garinku, to ga inda namu ya bi tun ba a haifi uwarka ba."

Layin da take nufi shi ne wanda Turawa suka sa wa suna Bauchi Light Railway, ko da yake bai taɓa shiga birnin Bauchi ba. Ya samo sunan ne saboda a wancan zamani ƙasar Jos tana cikin Lardin Bauchi, kafin a ƙirƙiro Lardin Filato a 1926. Bayan da layin Baro zuwa Kano ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, kamfanonin haƙar kuza suka matsa wa gwamnati lamba, domin har lokacin a kan mutane ake ɗaukar kuza daga tsaunukan Jos zuwa Loko a bakin Binuwai, tafiyar kwanaki masu yawa a ƙasa. Sai aka ja wani siririn layi daga Zariya, wanda faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne kacal, alhali babban layi yana da ƙafa 3 da inci 6. Ya kai Rahama a 1912, ya isa Bukuru a ƙarshen 1914, tsawonsa kimanin mil 143, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru da Jengre.

Wannan bambancin faɗi shi ne ciwon da aka haifi layin da shi, domin taragonsa ba ya iya hawa babban layi, saboda haka duk buhun da ya iso Zariya sai lebura sun sauke shi sun sake loda shi a wani jirgi.

Kakata ba ta san lissafin ƙafa da inci ba. Abin da ta riƙe shi ne usur ɗin jirgi, wanda da an jiyo shi daga nesa 'yan mata suke ɗaukar farantansu na dafaffiyar gyaɗa da rake su ruga tasha, da kuma baƙin hayaƙin kwal da yake sauka a kan ƙwaryar fura idan mai talla ta yi sakaci da faifai. Ta ce kan jirgin ƙarami ne, yana tafiya yana nishi kamar tsohon jaki, kuma kwabon farko da ta taɓa ƙullewa a bakin zanenta a wannan tasha ta same shi, daga hannun wani ɗan ci-rani mai tafiya aikin kuza. Irin waɗannan mutane ne suka fi yawa a taragon, suna tafiya neman kuɗin haraji.

A ganina, a nan ne gaskiyar tarihin tashar take. Ba domin mutanen karkarar Zazzau aka shimfiɗa layin ba, hanya ce kawai ta biyo da shi ta ƙofar gidansu, suka ci albarkacin kuza. Shi ya sa da layin gabas ya taso daga Fatakwal ya bi ta Kafanchan, aka kuma ja reshensa zuwa Jos a 1927, sai kuza ta samu hanyar da za ta kai bakin teku ba tare da sauke-ɗora ba, kwal ɗin Inugu ma ya riƙa isa wuraren haƙa kai tsaye. Daga nan ƙaramin layin ya koma jigilar fasinja da amfanin gona, yana ta jan ƙafa har shekara talatin, manyan motoci kuma suna ƙwace masa ciniki, kafin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955, ta rufe shi a 1957.

Wasu daga cikin kawunan jirgin suna nan an ajiye su a gidan tarihi na Jos. Na je na tsaya kusa da ɗaya na dafa shi da hannuna, na yi mamakin ƙanƙantarsa, duk da cewa kakata ta riga ta faɗa mini. A wancan hutun kuwa, kafin mu komo Kaduna, ta nuna mini wani guntun ƙarfen dogo da aka rataye a reshen darbejiya, yara suna bugawa idan lokacin shiga aji ya yi, ta kuma rantse mini cewa daga layinsu aka ciro shi.