Wasiƙa daga Landan: ga ƙannenmu masu son aikin kula da ma'aikata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwa na gida, ina gaishe ku da fatan kowa yana lafiya. Ya iyali, ya haƙuri da tsadar rayuwa? Mu nan alhamdu lillahi, sai sanyi da duhun da ke rufe gari tun ƙarfe huɗu na yamma.

Wata tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ƙannenmu da suka gama bautar ƙasa, da waɗanda suka tsinci kansu a ofishin ma'aikata na wata makarantar kuɗi ko asibiti ko ƙungiyar agaji, sun yawaita aiko mini da ita: "Yaya, wane satifiket zan yi, na CIPM ko na CIPD?"

Amsar ba ta da tsawo. In a Najeriya za ka yi aiki, ka yi na CIPM. Cibiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata ce ta Najeriya da aka kafa a 1968, doka ta ba ta iko a 1992, hedikwatarta tana Ikeja, da naira ake biya, kuma dokokin ƙasarmu take koyarwa. CIPD kuwa takwararta ce ta Birtaniya. Asalinta wata ƙungiyar masu kula da jin daɗin ma'aikatan masana'antu ce da aka kafa a garin York a 1913, yawancinsu mata, ta samu amincewar masarauta a 2000. Tana da mataki na 3 da na 5 da na 7, karatunta mai kyau ne, amma da fam ake biya, kuma ɓangaren shari'arta na Birtaniya ne. Kada kowa ya sayar da filinsa saboda ita, sai in ga aikin da ya nemi hakan a hannu.

Abin da na fi so in faɗa muku shi ne aikin da ake biyana dominsa a nan, wanda takarda ba ta iya yi wa mutum. Ina sashen ma'aikata na wani kamfani mai manyan rumbunan ajiye kaya da motocin rabawa. Rabin aikina hana manajoji korar mutum cikin fushi ne.

Ga yadda abin yake. Akwai wata hukuma da ake kira Acas, wadda ke sasanta ma'aikata da masu ɗaukarsu aiki, tana da ƙa'idar ladabtarwa da kowane kamfani ya sani. Da farko a yi bincike. Sannan a rubuta wa ma'aikaci abin da ake tuhumarsa da shi, a haɗa masa da hujjojin da aka tara, a ba shi lokaci ya shirya. A zauna da shi, kuma doka ta ba shi damar zuwa da abokin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago. A ba shi hukunci a rubuce, a gaya masa yana iya ɗaukaka ƙara, kuma in da hali wani manaja daban ne zai saurari ƙarar. Kamfanin da ya tsallake waɗannan matakai ba tare da dalili ba, in aka kayar da shi a kotun ma'aikata, alƙali yana iya ƙara masa har kashi 25 cikin ɗari a kan diyyar da zai biya.

A takarda abin kamar wasa. Wahalar tana ranar da manaja ya shigo ofishinka ido jawur, ya ce wance ta makara sau uku a mako, yau-yau yake so ta tafi. Ya girme ka a muƙami, kuma yana da gaskiya cewa ta makara. Kai kuma dole ka ce masa ba yau ba, ta hanyar da ba zai ji ka raina shi ba. Sai ka ɗauko rajistar shiga da fita, ka duba yaushe makarar ta fara. Sau da yawa a nan ake ganin an sauya mata lokacin aiki ne zuwa asuba, lokacin da motar haya ta unguwarsu ba ta fara fita ba, ko kuma ciki gare ta ba ta faɗa ba tukuna. Wani lokaci kuma babu komai, lalaci ne zalla, a bi matakan har ƙarshe a sallame ta, kuma ko ta je kotu fayil ɗinka zai tsaya maka. Iya tambaya ba tare da tsoratarwa ba, iya yin shiru mutum ya gama maganarsa, iya rubuta abin da aka faɗa daidai yadda aka faɗe shi, waɗannan su ne sana'ar.

Na san yadda muke yi a gida. A ba mutum kweri, wato takardar tuhuma, a ce ya amsa cikin awa 24, alhali takardar sallamarsa tana cikin durowa an riga an sa hannu. A kamfanonin 'yan kasuwa ma ba a kai ga kweri, Alhaji ne zai ce kada ya sake ganin wane a bakin get. Masu wannan ɗabi'a su sani zamani ya juya. Tun gyaran tsarin mulki na uku, na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta zama babbar kotu mai cikakken iko a kan rigingimun aiki, kuma an ba ta damar duba yadda ake yi a duniya da yarjejeniyoyin ƙwadago da Najeriya ta amince da su. Ta sha yanke hukunci cewa korar ma'aikaci ba tare da bayyana dalili ba zalunci ne. Jami'in da ya iya gaya wa Alhaji wannan cikin ladabi, kafin takardar sammaci ta iso, ya ci albashinsa na shekara.

Sai sanin doka, ba wai ka ji labarinta ba, ka karanta ta da idonka. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta da kauri. Ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya cika wata uku. (A nan Birtaniya, tun Afrilun 2020, ranar farko ake bayarwa.) Ta ce wanda ya yi aikin wata 12 a jere yana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi. Notis kuwa kwana ɗaya ne ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar. Akwai tarko a nan da da yawa ke faɗawa: wannan doka ta fi shafar leburori da akawuna, ba ta rufe manajoji da ƙwararru ba. Su takardar yarjejeniyarsu ce madogara, saboda haka wanda ke rubuta takardun ɗaukar aiki ta hanyar kwafo na wani kamfani ya sauya suna, rami yake haƙa wa maigidansa.

Lissafi ma haka. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba aƙalla kashi 10, ma'aikaci kashi 8, a tura kuɗin cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, ga kuma inshorar rai da ta kai ninki uku na abin da ma'aikaci ke samu a shekara. Akwai kashi 1 na jimillar albashi da ake biya wa asusun inshorar ma'aikata na NSITF saboda diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki, da wani kashi 1 na ITF, asusun horar da ma'aikata. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Wanda bai iya Excel ba, ba zai gane an cire wa mutane kuɗin fansho wata shida ba a tura ba sai ranar da wani dattijo ya zo ritaya yana kuka. Ku koyi Excel sosai, ya fi muku rabin bitocin da ake zuwa otal a karɓi jaka da alawus.

Batun ɗaukar aiki shi ne inda na fi tausaya muku, domin ni a nan babu kawuna da zai kira ni bayan Isha'i ya ce ga ɗan wane. Ku kuna da shi, kuma ba ƙaramin abu ba ne a ce wa kawu a'a. Abin da zai cece ku tsari ne. A rubuta abin da aikin yake bukata tun kafin a tallata shi. A zauna mutum uku a intabiyu, a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, kowa ya ba da maki a takardarsa kafin a tattauna. In ka yi haka, za ka iya ce wa kawu da gaskiya, "Kawu, ba ni kaɗai ba ne, amma ya kawo takardunsa, zan nuna masa yadda zai shirya." Ka taimaka, ba ka ci amana ba. Wanda kuwa ya karɓi goro a kan gurbin aiki, ya sani kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin ba ya ƙarewa, domin ranar da yaron ya yi laifi ba shi da bakin hukunta shi.

Kada ku ɗauka ina cewa nan aljanna ce. Dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna bambanci saboda abubuwa tara, ciki har da launin fata da addini da shekaru da juna biyu, amma duk wani mai suna irin namu da ya nemi aiki a ƙasar nan ya san doka daban, zuciyar mai tace takardu daban. Akwai masu aikin da ba a yi musu alƙawarin ko awa ɗaya a mako ba, sai an kira su. Akwai 'yan'uwanmu masu aikin kula da tsofaffi waɗanda bizarsu ke ɗaure da kamfanin da ya kawo su, ana cutarsu suna shiru don tsoron a mayar da su. Kuma jami'in ma'aikata, a nan da can, kamfani ne ke biyansa. Duk wanda ya ce muku shi lauyan ma'aikata ne bai faɗa muku gaskiya ba. Iyakarsa ya tsaya a kan a bi ƙa'ida, ko da wa abin ya shafa.

Akwai kuma abin da muka fi su. Turawan nan kuɗi suke biya a koya musu yadda ake sasanta mutum biyu da suka daina gaisawa a ofis. Mu mun tashi muna ganin mai unguwa da liman suna yi, a ji ta bakin kowa shi kaɗai, a bar zuciya ta huce, sannan a haɗa su. Mun san zuwa dubiya da ta'aziyya, mun san ba a yi wa babba faɗa a gaban yara. Inda tarbiyyar take ba mu matsala shi ne kara. Za ka ga mutum ya shekara uku ba ya aikinsa, kowa ya sani, ana ta zancensa a bayan ido, amma fom ɗinsa na ƙarshen shekara an cika masa "ya yi ƙoƙari" saboda sa'an mahaifin oga ne. Ranar da aka gaji aka kore shi, fayil ɗinsa fes, shi kuma bai taɓa jin an ce ya gyara ba. An cuce shi, an cuci wurin. Ana iya gaya wa dattijo gaskiya a keɓe, a fara da gaisuwa, a kira shi Baba ko Malam, a faɗi aikin da ba a yi ba da ranar da ba a yi shi ba, a tambaye shi me ya hana, sannan a rubuta abin da aka amince a kai, kowa ya sa hannu.

Riƙon sirri ba sai na tsawaita ba. Albashin mutane da rashin lafiyarsu da bashinsu duk suna wucewa ta teburinka. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma tun kafin ita wanda ya kai zancen fayil majalisa ya gama da kansa.

Masu tambayar inda za su ƙaru ba tare da kuɗi mai yawa ba: hukunce-hukuncen Kotun Ma'aikata suna intanet kyauta. Ka riƙa karanta ɗaya duk mako, ka lura da takardar da alƙali ya nema ba a kawo ba. Akwai cibiyar nazarin ƙwadago ta Michael Imoudu a Ilori. ITF kuma, mai hedikwata a Jos, tana mayar wa kamfani har rabin abin da ya biya in ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'idarta, kuma kamfanoni da yawa ba sa nema don babu wanda ya zauna ya cika takardun. In kai ne ka dawo wa maigidanka da wannan kuɗi, ranar da ka ce ya biya maka jarrabawar CIPM ba zai yi maka gardama ba.

Masu masana'antu a Sharaɗa da Bompai da Challawa, da masu makarantu da asibitoci, roƙona gare ku ɗaya ne: in kun ɗauki jami'in ma'aikata, ku kira shi kafin ku yanke hukunci, ba bayan kun yanke ba don ya buga takarda.

A gaida mutanen gida duka, a kuma sa mu a addu'a.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Landan