Dare uku a Oxford, tsakanin teburin abinci da dandamali

Ƙanwata ce ta sayi tikitin wasan daɓen tun kafin in iso. Tana karatun digiri na biyu a Oxford, ni kuma aiki ya kai ni Landan a watan Nuwamba, sai na ware kwana uku in je in ga halin da take ciki. Daga tashar Paddington, kusan awa ɗaya jirgin ƙasa ya yi ya sauke ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, yau da daddare akwai wasan da za mu kalla, ƙarfe bakwai da rabi ake farawa." Na ce to, Allah ya kai mu. Kafin wannan rana ban taɓa sayen tikiti na zauna na kalli wasan daɓe ba, duk kallon da na yi a allo na yi shi. Shi ya sa bakwai da rabin nan ban ba ta nauyin da ya kamace ta ba.

A Nuwamba rana na faɗuwa a Ingila tun wajen ƙarfe huɗu da ɗan wani abu, sai mutum ya kasa gane inda lokaci yake. Duhu ya yi, ga sanyi, ga yunwar tafiya. Na ce mata ni dai a fara kai ni inda zan ci abinci mai zafi a natse. Ta ce gidajen abincin da ta fi so suna titin Cowley, gabashin gari, bayan an ƙetare gadar Magdalen, amma akwai ɗan nisa da wurin wasan. Na ce ba komai, muna da lokaci. Ta dube ni ta yi shiru. Kunya ce ta hana ta musa wa yayanta, daga baya ita da kanta ta faɗa mini haka.

Mun zauna shida da kwata. Wurin ƙarami ne, tebur bai fi goma sha biyu ba, tagoginsa duk sun yi gumi saboda ɗumin ciki. Muka fara da romon kaza, sannan aka kawo gasasshen kifi da dankali, kifin har yana tsartsatsi a faranti. Abinci ya yi daɗi, hira ta yi daɗi, kuma babu wanda ya gaggauta mu, domin ba mu gaya wa kowa cewa muna da wurin zuwa ba. Ban san cewa a can ba a kawo wa mutum takardar kuɗinsa sai ya nema ba. A wurinsu kawo ta ba a tambaya ba kamar korar baƙo ne. Na zauna ina jira su kawo, su kuma suna jira in yi magana. Da muka fito bakwai ta wuce da minti goma sha biyar, tafiyar ƙafa kuwa ta kusa rabin awa.

Mun iso muna haki, an riga an rufe ƙofofin zauren. Wata ma'aikaciya ta tare mu da fara'a, ta duba tikitinmu, ta ce sai mun jira an zo inda za a canza fage kafin ta shigar da mu. Ta nuna mana wani ƙaramin allo a farfajiya da ke nuna abin da ake yi a ciki. Kusan minti ashirin muka yi a tsaye muna kallon 'yan wasa ƙanana kamar yatsu, muryarsu na fitowa can ƙasa. A lokacin raina ya sosu, amma da aka shigar da mu cikin duhu na gane dalilin dokar. Mutum shida suka miƙe tsaye don mu wuce zuwa kujerunmu, na ji yadda motsin nan ya ratsa zauren, har na ga ɗan wasan da ke magana ya ɗan ɗaga murya don ya maido da hankalin mutane. A fim idan ka shigo a makare 'yan kallo kaɗai ka dama. A nan har da mutumin da ke kan dandamali, wanda yake ji yake gani, kuma ba shi da damar ya ce a sake ɗauka.

Rabin farko na wasan a ruɗe na yi shi, ban san wane ne wane ba. Sai da aka tafi hutun tsakiya, na minti goma sha biyar zuwa ashirin, ƙanwata ta warware mini labarin a gurguje, mutane kuma na layin sayen askirim a cikin wannan sanyi. Rabi na biyu na fahimta, na kuma ji daɗinsa, amma na fito da jin cewa na ci tuwon da aka riga aka yanke masa kai.

Washegari da safe ta tafi laburare, ni kuma na zaga gari ni kaɗai, a nan ne na fara gane irin wurin da nake. Jami'ar ba ta da harabar da aka kewaye wuri guda. Kwalejoji ne sama da 30 a warwatse cikin gari, don haka gari da makaranta a cakuɗe suke. Shekarar karatu zango uku ce, kowanne mako takwas: Michaelmas daga Oktoba zuwa Disamba, Hilary daga Janairu zuwa Maris, Trinity daga Afrilu zuwa Yuni. Ɗalibai ba su cika cewa ranar kaza ga wata ba, sai dai su ce Larabar mako na biyar, kuma haka na gani a rubuce a kan takardun tallar wasanni da aka lilliƙa a ƙofofin kwalejoji. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga baƙo. Wanda ya zo a cikin makonnin karatu zai tarar da wasannin ɗalibai kusan kowane dare. Wanda ya zo lokacin hutu zai sami gine-gine da 'yan yawon buɗe ido da manyan gidajen wasa, amma waɗancan ƙananan ɗakuna ba zai same su yadda na same su ba. A zangon Trinity, in ji ƙanwata, har a lambunan kwalejoji ake yin wasa a fili, 'yan kallo na zaune da barguna.

Da rana na shiga kasuwar nan mai rufi ta tsakiyar gari, wadda aka buɗe tun 1774, na ci abin da ya riƙe ni. Daga nan na wuce gidan tarihi na Ashmolean a titin Beaumont, wanda asalinsa ya koma 1683, kuma ba a biyan kuɗin shiga. Da na fito sai ga gidan wasa na Oxford Playhouse a tsallaken titi, yana wannan wuri tun 1938. A gefensa akwai wani ƙaramin ɗakin wasa mai suna Burton Taylor, kuma labarin sunan ya tsaya mini a rai. Richard Burton ya yi ɗan gajeren karatu a Oxford lokacin yaƙin duniya na biyu, malaminsa Nevill Coghill. A 1966, lokacin da shi da matarsa Elizabeth Taylor suke kan ganiyarsu a duniyar fim, suka dawo suka hau dandamali tare da ɗalibai a wasan Doctor Faustus, malamin nan nasa ne ya shirya, ita kuma ta fito a matsayin da ko kalma ɗaya ba ta furta ba. Ƙungiyar wasan ɗaliban jami'ar da suka yi wa wannan karamci an kafa ta ne a 1885. Rowan Atkinson ma, wanda duniya ta sani da Mista Bin, a wasannin ɗaliban garin nan ya goge a shekarun 1970, alhali injiniyancin lantarki ya zo karantawa. Na tsaya na duba allon sanarwa, na ga akwai wasan ɗalibai a daren, na sayi tikiti biyu.

Wannan karon ni na tsara daren, kuma daga wasan na fara lissafi na dawo baya. Na nemi gidan abinci a titin George, tafiyar minti biyar daga ɗakin wasan, na kama tebur na biyar da rabi. Gidajen abincin da ke kusa da gidajen wasa a Ingila da yawansu suna da tsari na musamman don masu zuwa kallo: daga wajen biyar zuwa shida da rabi, abinci kala biyu ko uku cikin 'yan zaɓi kaɗan, a kan kuɗi tsayayye, kuma ana kawo shi da wuri. Muna zama na gaya wa wanda ke kula da teburinmu cewa bakwai saura kwata muke so mu tashi. Ya rubuta a takardarsa, shi ke nan. Da ya kawo abinci na biyu na ce ya haɗo da takardar kuɗi. Na kuma koyi duba ƙasanta, domin wasu wuraren suna ƙara ladan hidima, sau da yawa kashi 12.5 cikin ɗari, kuma idan an riga an saka ba sai mutum ya ƙara wani abu ba. Abinci mai sauƙi na ci. Daren farko kifi da dankali da ɗumin zaure sun so su sa ni gyangyaɗi, ban so a maimaita ba.

Ɗakin a sama yake, sai an hau matakala. Kujeru kamar hamsin, bango baƙi, babu labule, babu dandamali mai tudu. Mu muka fara shiga, muka zauna a layin gaba, gwiwata da teburin da ke cikin wasan bai fi taku biyu ba. Wani ɗalibi ne ya rubuta wasan, 'yan wasa biyu kacal: wa da ƙanwarsa sun zo kwashe kayan ɗakin mahaifinsu bayan rasuwarsa. Akwati ɗaya, fitila ɗaya, kofi biyu.

Abin da na gani a wannan awa ɗaya shi ya sa nake wannan rubutu. Akwai inda yarinyar ta ciro rigar sanyin mahaifin daga akwati, ta tsaya riƙe da ita. Ina ganin yatsunta suna murza bakin hannun rigar, ina jin numfashinta. Ba kiɗa, ba wanda ya matso mini da fuskarta kusa; ni da kaina na zaɓi in kalli hannunta, ƙanwata kuma ta ce ita fuskar yaron take kallo a lokacin, yadda ya kau da kai gefe. Wuri guda muka zauna amma kowa da abin da ya ɗauka. Can wajen tsakiya yaron ya manta maganarsa. Na ga abin a idonsa kafin kowa ya ankara, makogwaronsa ya motsa, kunnensa ya yi ja. Shiru ya yi kamar na daƙiƙa biyar, ɗakin ya yi tsit, mu hamsin duka muna riƙe da numfashi tare da shi. Sai yarinyar ta ajiye kofinta, ta jefa masa wata tambaya da ta maido shi kan hanya, ya kama ya ci gaba. Ban taɓa jin ina so wani baƙo ya yi nasara kamar yadda na so wa yaron nan a waɗannan daƙiƙu ba. Wasan daren farko ya fi wannan ƙwarewa nesa ba kusa ba, da kayan ado da fitilu da gogaggun 'yan wasa, kuma ba na raina shi. Amma wannan ne ya shiga jikina.

Turancinsu da sauri yake, akwai barkwancin da aka yi dariya ni ban kama ba. Abin da ya taimake ni shi ne na karanta taƙaitaccen labarin a takardar da aka raba kafin a kashe fitila, don haka ko kalma ta wuce ni, zaren bai kuɓuce mini ba. Wayata kuma kashe ta na yi gaba ɗaya, domin a ɗaki irin wannan ko hasken allonta ya isa ya ɓata wa kowa.

Mun fito kafin tara. A bakin matakala muka tarar da 'yan wasan biyu sanye da rigunan sanyinsu, abokansu sun kewaye su. Ƙanwata ta ce, "Yaya, je ka gaya musu mana." Na je na ce wa yaron na ji daɗin wasan, na kuma yaba wa yarinyar yadda ta tallafe shi. Ta yi murmushi ta ce ba ta zaci wani ya lura ba.

A dare na uku mun gwada akasin haka, kallo kafin ci, kuma a nan ma na ƙaru. Wasan ya tashi goma ta wuce, wurare biyu da muka leƙa duk sun rufe kicin. Abin da ya rage shi ne motocin nan masu sayar da gasasshen nama da soyayyen dankali, waɗanda ke fitowa su faka a manyan titunan garin da zarar dare ya yi. Muka bi layi cikin ɗalibai, wasu da jakar littattafai daga laburare, wasu da baƙar rigar jami'a a kafaɗa daga cin abincin kwaleji. Muka ci a tsaye a jikin wani tsohon bango, tururi na fita daga bakinmu, muna gardama a kan ko ƙarshen wasan ya dace. Ta ce ya dace, na ce an gaggauta shi. Rabon da mu yi doguwar magana irin wannan da ita, wadda ba ta kuɗin makaranta ko lafiyar 'yan'uwa ba, na manta.

Da safe ta rako ni tasha. A titin George wani mai keke ya tsaya a danja kusa da mu, jaka a baya, littattafai sun cika kwandon gaba. Sai da ya juyo na gane shi, yaron da ya manta maganarsa ne. Na ɗaga masa hannu, ya ɗago nasa, fitila ta ba shi hanya ya wuce.